Gumin lebura: tarihin ladan masu aikin gini



Kowace shekara, in an gama girbi an zuba dammuna a rumbu, samari da magidanta suna ɗaukar hanya. Wasu su nufi Maraɗi ko Damagaram, wasu Tawa ko Yamai, wasu su tsallake iyaka. A birni, aikin da ya fi saurin karɓar baƙo shi ne aikin gini. Ba a tambayar takardar lakwal wajen kwaɓa siminti ko ɗaukar bulo. Ƙarfi kawai ake nema.

Amma sau da yawa mutum ya yi aiki, ranar biya ta zo, a ce masa sai gobe. Wani a rage masa kwanaki. Wani kuma ya wayi gari ya tarar wanda ya ɗauke shi aiki ya ɓace. Wannan shi ne cin haƙƙin ma'aikaci. Sata ce, ko da ba a fasa ɗaki ba.

Wannan sata tana da dogon tarihi a ƙasashenmu. Dokokin da aka yi don hana ta su ma suna da nasu tarihin. Ku karanta a hankali. Wanda ya san ta inda ɓarawo ya saba shiga, ya san wurin da zai toshe.

Zamanin aikin dole

A shekarar 1900 Faransa ta yi doka cewa kowace ƙasar da ta mallaka ta ɗauki nauyin kanta. Ma'ana, kuɗɗin mulki su fito daga hannun mutanen ƙasa. Daga nan haraji, wato lanho, ya hau kan kowa. Amma lanho bai isa ya biya masu gina hanyoyi da gidaje ba. Sai Turawa suka ce a biya sauran da ƙarfin jiki.

A 1912 babban gwamnan da ke zaune a Dakar ya fitar da ƙa'idar wannan aiki don dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Kowane namiji baligi mai lafiya zai ba gwamnati wasu kwanaki a shekara, wajen kwana 10 a wurare da yawa. Ba a biyan ko tamma. Da wannan aiki aka share hanyoyin mota, aka kafa itatuwan wayar tangaraho, aka gina masaukan baƙi da gidajen kumandan. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, wanda a lokacin ƙaramin gari ne a bakin Kwara. Sabon birni yana bukatar gine-gine, kuma talakawa ne suka ɗauko ƙasa da duwatsu a ka.

Ga yadda abin ke tafiya. Kumandan ya faɗa wa sarki yawan mutanen da yake so. Sarki ya raba wa masu gari. Dogarin sarki da gardin kumandan su zo su tasa mutane gaba. Mai hali ya ba da ɗan abu a ƙyale shi. Marar hali ya tafi bana, ya sake tafiya baɗi. Mata ma ba su tsira ba, don su ke daka da ɗaukar ruwa.

A takarda, an ce kada a ɗauki mutum lokacin shuka ko girbi, kada a kai shi nesa da garinsu, kada a wuce kwanakin da aka yanke. A ƙasa, sau da yawa ba a bi wannan ba. Littafin ƙidayar kwanaki yana ofishin kumandan. Wanda ya yi aikin ba shi da ko guntun takarda. In ya yi gardama, akwai wata doka da ta ba kumandan ikon ya kulle shi ko ya ci shi tara ba tare da shari'a ba.

Abin da ya rage wa talaka shi ne ƙafarsa. Mutane da yawa sun gudu zuwa Katsina, Kano da Sakkwato, wasu har Kumasi. Can ma Ingilishi suna da irin nasu. Daga 1942 zuwa 1944 sun kwashi mutane da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, abin da Hausawa suka kira ɗiban gwamna.

Sojojin diga da shebur

Aikin kwana 10 ba ya gina babban abu. Don manyan ayyuka sai Turawa suka ɓullo da wata dabara.

Tun 1919 kowane saurayi a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma dole ya je a auna shi don aikin soja. Waɗanda likita ya ce suna da lafiya sun fi waɗanda soja ke bukata yawa. Sai a raba su biyu. Kashi na farko su sa kaki. Kashi na biyu su koma gida su jira kira. A 1926 aka yi doka cewa ana iya kiran kashi na biyun nan su yi aikin gini. Ba a ba su bindiga. Diga da shebur ake ba su. Su ba kwanaki suke yi ba, shekaru suke yi, ƙarƙashin horo irin na soja. Wanda ya gudu, a neme shi kamar sojan da ya tsere.

Babban wurin da aka yi aiki da su shi ne Markala, kusa da Segu, a ƙasar da yau ake kira Mali. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Emile Bélime ya so a tare kogin Kwara don a yi noman auduga da shinkafa. An kafa hukumar wannan aiki, Office du Niger, a 1932. An fara gina madatsar ruwan Markala a 1934, ba a gama ba sai 1947. Tsawonta ya wuce mita 800. Har yau tana nan, motoci suna bi ta kanta. Dubban samari ne suka haƙa ramukanta da magudanan ruwanta.

Su waɗannan ana ba su abinci da ɗan kuɗɗi kaɗan. Amma ko ɗan kaɗan ɗin ba ya shiga hannu duka. Dokar aiki ta 1925 ta yarda a riƙa yanke wani kashi na ladan ma'aikaci a ajiye, sai ya gama wa'adinsa a ba shi. Turawa suna kiran wannan ajiya pekil. Sun ce wai don kada baƙar fata ya ɓarnatar da kuɗɗinsa. Amfaninta na gaskiya shi ne ta ɗaure mutum wurin aiki. In ya gudu saboda duka ko yunwa, ya bar ajiyarsa a baya.

Ku riƙe wannan dabara a zuciya, don za mu sake gamuwa da ita. Duk wanda ya riƙe ladanka na jiya, ya riƙe ƙafarka ta gobe.

Duniya ta fara ji

Wurin da abin ya fi muni shi ne ƙasar Kwango, ita ma a hannun Faransa. Daga 1921 zuwa 1934 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 500 da ɗan wani abu, daga Barazabil zuwa bakin teku. Da mutanen wurin suka yi ƙaranci, sai aka riƙa kwaso mutane daga nesa, har da ƴan ƙabilar Sara na kudancin Cadi. Masu binciken tarihi sun ce mutum dubu 17 ko fiye suka mutu a wannan aiki, saboda yunwa, cuta da wahala. Wani ɗan jarida Bafaranshe, Albert Londres, ya je ya gani da idonsa. A 1929 ya buga littafi ya tona asirin.

A birnin Janeba na ƙasar Suwis akwai Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda aka kafa a 1919. A 1930 ta yi yarjejeniya mai lamba 29 don hana aikin dole. Faransa ta ja ƙafa, ba ta amince ba sai 1937, kuma ko a nan ba ta daina duka ba.

A wannan shekara ta 1937 aka yarda ma'aikatan Afirka ta Yamma su kafa ƙungiyarsu, wadda muke cewa sandika. Amma an sa sharaɗi. Sai wanda ya iya karatu da rubutun Faransanci ke iya shiga. Wato akawu da malamin lakwal su shiga, lebura ya tsaya a waje. Ba a buɗe wa kowa ƙofa ba sai 1944. A farkon shekarar ne kuma aka yi taron Barazabil, inda Faransa ta yi alkawarin kashe aikin dole cikin shekara 5.

Ranar 11 ga Afrilu 1946

Bayan yaƙin duniya na biyu, an zaɓi wasu ƴan Afirka su je majalisar Faransa a Paris. Daga cikinsu akwai Félix Houphouët-Boigny na Kodibuwa, Lamine Guèye da Léopold Senghor na Senegal, da Fily Dabo Sissoko wanda ke wakiltar Sudan ta Faransa da Nijar a haɗe. Ba su yarda a jira shekara 5 ba. Houphouët-Boigny ya gabatar da ƙudurin doka, ƴan uwansa suka mara masa baya.

Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar ta fito. Gajeruwa ce, sashe ukku kawai. Ta ce an haramta aikin dole kwata-kwata a ƙasashen da Faransa ke mulki. A wannan shekarar kuma aka soke ikon kumandan na kulle mutum ba shari'a. Samarin kashi na biyu su sun ƙara jira, don Turawa sun ce su sojoji ne. Sai a 1950 aka soke nasu tsarin.

Gini bai tsaya ba. Ya ma ƙaru. Daga 1946 Faransa ta buɗe wani asusu don gina hanyoyi, asibitoci, makarantu da tashoshin jiragen ruwa. Yanzu kamfanoni ke karɓar kwangila, su ɗauki leburori da kuɗɗi. To a nan wata sabuwar ƙofar sata ta buɗe. Babban kamfani ba ya ɗaukar lebura da kansa. Sai ya yanka aikin ya ba ƙananan ƴan kwangila, su su nemo mutane. In ƙaramin ɗan kwangila ya karɓi kuɗɗi ya cinye, kamfani ya ce ai shi ya biya. Lebura ya rasa wanda zai kama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗɗi.

Yajin aiki da dokar 1952

An hana aikin dole, amma babu cikakkiyar doka da ta faɗi yadda za a biya aikin son rai. Ma'aikata ne suka nemo ta da kansu.

Ranar 10 ga Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma, wajen mutum dubu 20, suka ajiye aiki. Shugabansu shi ne Ibrahima Sarr. Suna neman a daidaita matsayinsu da na Turawan da suke aiki ɗaya da su. Sun yi fiye da wata 5 ba albashi. Matansu, ƴan kasuwa da manoma suka taimake su da abinci. Ba su koma ba sai 19 ga Maris 1948. Ba su samu duk abin da suka nema ba, amma Turawa sun gane cewa ma'aikata suna iya haɗa kai daga Dakar har Kwatano.

Majalisar Paris ta yi shekaru tana jan ƙafa a kan babbar dokar ƙwadago. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 ma'aikata suka yi yajin aiki na gama-gari a Afirka ta Yamma. Kafin watan ya ƙare majalisa ta amince. Ranar 15 ga Disamba 1952 dokar ta fito, mai sashe 241. A 1953 aka sake yin yajin aiki a ƙasashe da dama, har da Nijar, don a tilasta wa masu kamfanoni su yi aiki da ita. A Nijar, Djibo Bakary yana cikin waɗanda suka tara ƙananan ma'aikata cikin sandika a waɗannan shekaru.

Mi dokar ta ce game da lada?

Dokar 1952 ta sa awa 40 na aiki a mako, da hutun shekara wanda ake biya. Game da lada kuwa, kowane sashe nata amsa ce ga wata cutar da aka sha a baya.

Na ɗaya, a biya da kuɗɗin ƙasa. An hana biyan mutum da giya.

Na biyu, a biya kan lokaci. Wanda aka ɗauka aikin yini ko na mako, kada biyansa ya wuce kwana 15. Mai albashin wata, a biya shi cikin kwana 8 bayan ƙarshen wata.

Na ukku, a rubuta biya. Mai ba da aiki ya riƙe littafi, ma'aikaci kuma a ba shi takardar albashi ta kansa.

Na huɗu, an hana mai ba da aiki ya ci ma'aikaci tara ya cire daga ladansa.

Na biyar, ko da an sa ma'aikaci ya sa hannu a takardar da ke cewa ba ya bin komi, wannan ba ya kashe haƙƙinsa in da gaske akwai saura.

Na shida, in ƙaramin ɗan kwangila ya kasa biya, nauyin ladan leburori ya koma kan babban kamfanin da ya ba shi aikin. Lebura yana iya kai ƙarar kamfanin kai tsaye. Dole kuma ƙaramin ɗan kwangila ya manna sanarwa a wurin aiki, mai ɗauke da sunan wanda ya ba shi aikin.

Na bakwai, a aikin gwamnati, ladan ma'aikata yana gaban bashin ƴan kasuwa. A biya lebura kafin a biya mai siminti.

Na takwas, an ƙarfafa ikon sufeton ƙwadago, wanda ke shiga wuraren aiki ya duba littattafai. An kafa kotunan ƙwadago, inda shigar da ƙara kyauta ne.

Ku lura da bambancin. A zamanin aikin dole, littafi ɗaya ne, kuma yana hannun mai ƙarfi. Dokar 1952 ta ce shi ma mai gumi ya riƙe takardarsa, kuma ta nuna masa ƙofar da zai kai ta.

Bayan ƴancin kai

Nijar ta samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. A 1961 ta shiga Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Ta amince da yarjejeniyar hana aikin dole, da kuma yarjejeniya mai lamba 95 ta 1949 wadda ke kare ladan ma'aikaci. A 1962 ta yi nata kundin dokar ƙwadago. An sake shi a 1996, aka kuma sake shi ranar 25 ga Satumba 2012. Waɗannan kundaye sun gaji ginshiƙan dokar 1952: biya kan lokaci, takardar albashi, hana tara, nauyin babban kamfani, sufeto da kotu.

A 1965 aka kafa asusun kula da ma'aikata, CNSS. Mai kamfani dole ya rubuta ma'aikatansa a can ya riƙa zuba musu kuɗɗi. Asusun ne ke ɗaukar nauyin wanda ya yi haɗari a bakin aiki, kamar maginin da ya faɗo daga bene. Shi ke biyan fansho in an tsufa. Gwamnati kuma tana yanke mafi ƙarancin albashin wata. A 2012 an sa shi jikka 30 da tamma 47. Daga Janairun 2024 aka ɗaga shi zuwa jikka 42.

Tsohuwar dabara cikin sabuwar riga

Doka tana nan, amma yawancin masu aikin gini ana ɗaukar su ne da baki, a bakin hanya, da sassafe. Babu takarda, babu shaida. Shi ya sa dabarun da suka gabata ba su mutu ba.

Rage kwanaki yana nan. Mu yi lissafi tare. A ce an yi da kai jikka 2 a yini. Ka yi kwana 26, ladanka jikka 52 ke nan. Mai ɗaukar suna ya rubuta kwana 22, aka ba ka jikka 44. Ka yi asarar jikka 8. In ku 30 ne aka yi wa haka, jikka 240 sun shiga aljihun wani a wata ɗaya.

Pekil ma yana nan, sunan ne kawai ya ɓace. A ba ka rabi, a ce saura sai mai gida ya ba da kuɗɗi. Kana son tafiya, amma kana tsoron barin bashinka. Sai ka ƙara mako, bashi ya ƙara girma. Akwai kuma yanke kuɗɗin abinci ko na shebur ɗin da ya karye, da sa mutum aikin dare ba ƙari, da cire kuɗɗin CNSS daga albashi ba tare da an kai su can ba.

Wannan cuta ba ta talakawan ƙasashe kaɗai ba ce. Katar ƙasa ce mai arzikin iskar gas, wadda ta karɓi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a 2022. Baƙi ne suka gina mata filayen wasa. A 2020 ƙungiyar Amnesty International ta bayyana cewa ma'aikata wajen 100 da ke aiki a filin wasa na Al Bayt sun yi har wata 7 ba a biya su ba. Cikinsu akwai ƴan Ghana da ƴan Kenya. Wanda ya ɗauke su ƙaramin kamfani ne da aka yankar wa aiki. A lokacin baƙo ba ya iya canja wurin aiki sai da yardar ubangidansa. Magungunan da aka ɗauka a can suna kama da na 1952. A 2015 an ce a riƙa biyan albashi ta banki don ya bar alama. A 2018 an kafa asusun biyan waɗanda aka cinye wa lada. A 2020 an yarda ma'aikaci ya canja aiki ba tare da izinin ubangida ba. A 2021 an sa mafi ƙarancin albashi ga kowa. Duk da haka koke bai ƙare ba, don doka ba ta aiki da kanta.

Mi za ka yi, ɗan uwa?

Kafin ka ɗauki shebur, ku gama magana. Nawa ne a yini? In jinga ce, nawa ne aikin duka, kuma ina iyakarsa? Wace rana ake biya? Wa zai biya? Ku yi maganar gaban mutum biyu. In da hali a rubuta, ko da Hausa ce, kowa ya sa hannu ya riƙe tasa.

Ka san sunan wanda ya ɗauke ka da inda yake zaune. Ka san sunan babban kamfanin da kuma mai ginin. A manyan ayyuka akwai allo a bakin wurin. Ka karanta shi, ka kwafe sunayen.

Ka sayi ɗan kaye da biro. Kowace yamma ka rubuta kwanan wata, lokacin da ka fara da lokacin da ka tashi. Duk abansin da ka karɓa ka rubuta. Mai wayar salula ya ɗauki hoton takardar ɗaukar suna. Wanda hannunsa bai nuna ba tukuna, ya ja layi ɗaya kowace rana, abokinsa ya rubuta masa kwanan wata.

Ranar biya, ka ƙirga kuɗɗinka kafin ka sa hannu. Kada ka dangwala yatsa a farar takarda, ko a takardar da ba a karanta maka ba. Ka nemi takardar albashi, ka adana ta kamar yadda kake adana takardar gona. Kada ka bar katinka na ɗan ƙasa ko fasfo a hannun ubangida.

Kada ka bari bashi ya taru. In an wuce kwana 15 ba a biya mai aikin yini ba, an riga an taka doka. Ku yi magana tun bashin yana ƙarami, kuma ku yi ta tare. Mutum ɗaya ana korarsa cikin sauƙi. Mutum 30 masu kaye 30 da ke faɗin magana ɗaya, da wuya a ƙaryata su. Inda ma'aikata ke da yawa, doka ta ba su damar zaɓen wakilansu. Sandika ma tana karɓar koke.

In magana ta ƙi, ku tafi ofishin sufeton ƙwadago. Akwai shi a manyan biranen jihohi, irin su Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso, Agadas da Yamai. Ku tafi da kayenku da shaidunku. Sufeto zai kira mai ba da aiki ya yi ƙoƙarin sasanta ku. In ba a sasanta ba, maganar ta wuce kotu. Kada ku jinkirta, don doka ta sa wa'adi, kuma wanda ya daɗe bai nema ba haƙƙinsa yana iya faɗuwa. Ku yi wannan kafin hadari ya taso, lokacin da hankali zai koma gona kuma shaidu su watse.

Akwai magana kuma ga wanda ke sa a yi masa gini. Wataƙila kai ne, ko kwamitin garinku da ke gina aji, rijiya ko ɗakin shan magani. Ku riƙa biyan ɗan kwangila kashi-kashi. Kafin ku ba shi kashi na ƙarshe, ku tara leburorin ku tambaye su ko an sallame su. In ba a yi ba, a biya su a gabanku daga cikin kuɗɗin da suka rage.

Waɗanda suka gina Markala ba su da kaye, ba su da sufeton da zai tsaya musu, ba su da kotun da za ta saurare su. Waɗanda suka ajiye aiki a 1947 da 1952 sun kwana da yunwa kafin a samu waɗannan abubuwa. Ku karanta wa ƴan uwanku wannan tarihi kafin su tafi cin rani. Ku tambayi tsofaffin garinku abin da iyayensu suka ba su labari game da hanyar da ta bi ta ƙasarku, da waɗanda suka share ta. Ku rubuta shi a kaye ku ajiye.

Allah ya sa kowa ya ci guminsa. Sai wani jiƙon.